Hannuna a Gezar Duhu

Ranar wata Lahadi ce ta kaka, shekarar da rijiyar gabas ta rufta a garinmu Tudun Gawo, can ƙasar Gobir. An gama yankan gero, dammuna jibge a bakin rumbu, ni kuwa ina tsakar gida ina surfe, kaji na zagaye turmi. Ta ƙofar zaure ina hango Baba Sani, ƙanen mahaifina, kwance a tabarma, ƙafarsa ta kumbura kamar tulu, ana naɗe masa kurkunu a jikin ɗan tsinke, kullum kaɗan-kaɗan don kada ya tsinke a ciki. Sai ga sallamar Baba Gagare, babban 'yan dokin garin. Ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙafar, ya yi wa mai jiki sannu. Da ya miƙe bai fita ba, sai ya ratso turken da ke bayan zaure inda dokinmu Duhu yake ɗaure, ya shafa wuyansa, ya ɗaga kofato, ya buɗe baki ya duba haƙori kamar mai tayi a kasuwa. Mahaifina na zaune yana tufkar igiya, bai ɗaga kai ba. Baba Gagare ya ce masa, "Mamman, in an gama sa hatsi a rumbu za a fita gwaji. Ka dai san al'ada." Mahaifina ya ce ya sani. Ban san sa'ad da taɓarya ta tsaya a hannuna ba, sai da Iya, kakata, ta ce in surfen ya gagare ni in ba kaji su ƙarasa.

Abin da ya tono mini wannan rana, ni da nake zaune yau a Hayyin Ashir cikin birnin Alƙahira, jikata Rabi ce. Ubanta ya kawo ni nan a duba mini gwiwa, gwiwar ta ƙi, ni ma na ƙi, shi ke nan muka zauna. Rabi tarihi take karantawa a jami'a, in jarrabawa ta matso da ƙarfi take karatu, ta yi da Larabci ta juya da Hausa wai don ya zauna mata. Ran nan da la'asar ina shan shayi a bakin taga sai na ji ta shiga labarin mutanen Jamus na zamanin da, tun suna ƙabilu-ƙabilu cikin kurmi. Wai a yaƙinsu ba kowa ke hawa doki ba, zaɓaɓɓu ne. Kowane mahayi shi da kansa yake zaɓar mutum ɗaya cikin mayaƙan ƙasa, wanda zai damƙi gezar dokinsa ya yi ta gudu tare da shi, in mahayin ya faɗi ya tsaya a kansa. Sirdi kuwa abin kunya ne a wurinsu, wanda suka gani bisa sirdi raggo suke ɗaukarsa. Suna iya dirowa su yi faɗa a ƙasa, dokin na nan tsaye inda aka bar shi. Na ajiye kofi na ce ta maimaita wurin gezar nan. Ta maimaita. Na ce to waɗannan ai mutanenmu ne, ko wa ya kai su can? Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Hajiya, yau kuma da Jamusawa za a haɗa mana dangi?" Na ce ta rufe wancan ta ɗauko farar takarda. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma in na buɗe baki hannunta sai ya nemi hutu.

Garinmu a bakin daji yake, dukiyarmu kuma shanu ce. Ɓarayi kan zo da rani su kora garke su yi arewa, in ba a cim musu kafin su shiga duwatsu ba, sai dai haƙuri. Don haka tun kakanni gari ke da dawakinsa na kansa, waɗanda aka haɗa hatsi aka saya, ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ana ba da su ga mazan da aka yarda da su, a ce musu 'yan doki. Ba kwalliya, ba sirdi, ba likkafa, daga linzami sai gadon bayan doki. Sukan ce sirdi na fatake ne da masu zuwa gaisuwa. Wanda ke da dokin gari a turkensa shi ake fara miƙa wa ruwa a taro, in ya yi magana a bakin masallaci ana bari ya ƙare. Amma ba a ba mutum doki shi kaɗai. Dole ya kasance da ɗan geza, wato wanda zai riƙe gezar dokin ta hagu ya bi shi da ƙafa duk inda ya nufa. In an cim ma ɓarayi, mahayi ya tari mutane, ɗan geza ya juyo da shanu. In mahayi ya faɗi, ɗan geza ba ya barin wurin ko da shanun duniya za su tafi. Shi ya sa ba a aron ɗan geza daga wani gida, sai jininka. Kowace shekara bayan kaka a fita gwaji, daga ƙofar gari zuwa babbar kukar fadama a zagayo a dawo, Baba Gagare na biye a baya bisa tsohuwar goɗiyarsa da ba ta sauri ba ta kuma tsayawa. Wanda goɗiyar nan ta riga shi shiga gari, ko ya dawo ba hannu a geza, a ranar za a kwance doki daga gidansa a kai wani gida. Ɗan gezar mahaifina Baba Sani ne, ga shi kwance. Ƙannena maza kuwa, babbansu ko wando bai fara sawa ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, wanda ya san mutanenmu ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa dubana ido cikin ido ba. In yana son ruwa ina kusa, sai ya ce wa bango, "A kawo ruwa." A ɗakin Iya na tashi, ita ta goya ni, ita ke kirana Dije. Amma duk abin da ya shafi Duhu ta hannuna yake bi. Baƙi ne wuluk, da ɗan fari a goshi kamar an ɗiga nono. Ni ke kai masa dusa da kanwa da safe kafin in ɗauki tulu, ni ke share turke, in mun je roron wake ni ke ɗauko masa harawa a kai, 'yan mata na yi mini tsiya wai na yi miji mai ƙafa huɗu. Doguwa nake kamar karan dawa, ban wuce sha biyu ko sha uku ba, a gaɗa ba wadda ta kai ni tsalle, in ana tseren zuwa rijiya ban san bayan kowa ba. Kuma na ga abin da manya suka ɗauka yara ba sa gani. Tun zuwan Baba Gagare akushin mahaifina ke dawowa da rabin tuwo. Da safe sai in same shi tsaye a turke, goshinsa a wuyan dokin, in ya ji motsina ya yi kamar ƙarangiya yake cirewa.

Ban yi shawara da kowa ba. Da yake Baba Sani na kwance, ni aka bar wa kai Duhu tafki, hanyar kuwa ta bayan gonaki take, ba idon mutane. Ranar farko na cusa hannu cikin gezar na yi masa irin ƙarar bakin da na ji Baba Sani na yi. Ya zabura, na ji kamar an fizge mini kafaɗa, kafin in ankara ina kwance cikin guntayen kara, baki cike da ƙasa. Duhu ya yi gaba kaɗan ya tsaya cak ya waiwayo, don haka aka hore shi. Na tashi na kakkaɓe na sake. Haka na yi ta yi safe da yamma, in dawo gwiwa a ƙuje, in ce wa mahaifiyata da tulu na faɗi. Wata rana Baba Sani ya kira ni in kore masa ƙuda. Ina fifita ya kama tafin hannuna na dama da gashin doki ya yayyanka, ya ce, "'Yar nan, wannan tulun naki geza gare shi?" Na janye hannuna. Ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya koma nishi. Bai hana ni ba. Daga kan tabarmar nan ya koya mini abin da ya sani. Ya ce kada in kuskura in naɗa gashin a wuyan hannu, damƙa ake yi can gindin geza kusa da kafaɗa. Ya ce in daina kallon ƙasa in kalli kunnen doki. Ya ce sassarfa ita ke kashe ɗan geza, don a sassarfa ƙafarka ce ke ɗauke da kai, ga jijjiga, amma in doki ya miƙe da sukuwa shi ke ɗaukar nauyinka. Wata maganarsa har gobe tana kunnena: "Ba ke ce mai gudun ba, doki ne. Ke dai ki riƙa taɓa ƙasa jifa-jifa don kada ta manta da ke."

Iya ba a gaya mata ba, ita dama ba a gaya mata abu. Na dai ga wata yamma ta jiƙa bagaruwa a tsohuwar ƙwarya, irin wadda majema ke jeme fata da ita, ta ce in tsoma ƙafafuna. Kullum sai na tsoma, har tafin ƙafata ya yi tauri kamar ƙirgi. Ranar da abin ya fara zama mini, Duhu ya miƙe na ji ƙasa na zuwa tana wucewa, iska na cika bakina, da na dawo Iya ta dube ni ta ce to, saura mai gidan. Ita ta je ta same shi, don ni ba ni da bakin yi masa magana. Ina laɓe bayan rumbu ta gama bayaninta tsaf. Ya ce gara a kwance doki da a ce Mamman ya ja 'yarsa a ƙasa gaban gari. Ya tashi ya fita. Na koma ɗaki ban yi kuka ba, na tsoma ƙafata a bagaruwa.

Ranar gwaji gari ya fito kaf, mata a gindin shinge, yara bisa itatuwa. 'Yan doki suka jeru, kowa da ɗan gezarsa ya ci ɗamara. Mahaifina ya zo ƙarshe, bai hau ba, yana jaye da Duhu, ya wanke shi tas ya sa masa linzami da sabuwar ragama, don in za a mayar da amana a mayar da ita da kyau. Iya ta ɗaure mini zane ya tsaya a gwiwa, ta ja ɗamara har numfashina ya tsaya, ta tura ni da gwiwar hannu. Na ratsa tsakiyar fili ban dubi kowa ba, na je na cusa hannuna cikin gezar Duhu na tsaya. Sai dariya ta ɓarke. Wani ɗan geza ya ce a miƙo mini taɓarya na yi ɓatan hanya. Wani dattijo ya ce ba a taɓa yi ba. Baba Gagare ya ce shi ma bai taɓa gani ba, amma jinin gidan ce, kuma goɗiyarsa wanda ta wuce ta wuce shi, ba ta tambayar ko wane ne. Ina jin a ransa hanyar kashe maganar ke nan mafi sauƙi. Sai ya bi layi yana tambayar da ake yi kowace shekara, kowane mahayi ya faɗi sunan ɗan gezarsa gari ya shaida. Ya iso kanmu ya ce, "Mamman, wa ke riƙe maka?" Ina ganin jijiyar wuyan mahaifina tana motsi. In ya yi shiru, magana ta ƙare. Ya dubi can nesa wajen fadama, ya ce, "Hadizatu." Ban san haka sunana yake a bakinsa ba. Ya dafa ya haye.

Aka buga ganga, dawaki suka zabura. Tun kafin mu wuce gonakin bakin gari na gane da matsala. Mahaifina ya ja linzami. Duhu na son tafiya, yana fizgar kai yana taunar ƙarfe, shi kuwa ya riƙe shi a sassarfa don tausayina. Ya san abin da Baba Sani ya sani, ba shakka, amma sani daban, ganin 'yarka a gefen kofato daban. Kowane taki sai na ji shi har cikin haƙorana. Sauran suka yi mana nisa. Muka shiga wurin tsidau, na ji yana huda ni duk da bagaruwa. Kafin mu kai kuka haƙarƙarina ya kama wuta, miyau ya kafe, hannuna ya fara zamewa da gumi. Muna zagayo kukar na ga goɗiyar Baba Gagare, ba nisa, tana tafe da takun nan nata na rashin gaggawa, tsohon zaune bisanta kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ji mahaifina ya ƙara jan linzamin. Na gane tsayawa zai yi, ya gwammace ya rasa dokin. Ni da ko gaisuwa a durƙushe nake yi masa kai a ƙasa, na tattara ɗan numfashin da ya rage na ce, "Baba, kashe ni kake yi. Sake shi." Ya dubo ni, muka haɗa ido. Ban san abin da ya gani ba. Na dai ga hannunsa ya yi gaba, linzami ya yi sanyi, na yi wa Duhu ƙarar bakin nan. Kafaɗata ta amsa, ƙasa ta sake ni. Na kafa ido a kunnensa, ban ƙara jin tsidau ba, sai dukan kofato da hucin doki da wani abu kamar guɗa can nesa. Ba mu cim ma na gaba ba, ba zan yi ƙarya don ana rubutawa ba, mu ne na ƙarshe cikin 'yan doki. Amma mun shiga gari goɗiyar na bayanmu, hannuna cikin geza.

Hannun nan kuwa ya ƙi buɗuwa. Doki ya tsaya, mahaifina ya diro, ni ina rataye yatsu sun ƙage. Wanda ya ce a miƙo mini taɓarya shi ya ruga ya kawo ruwan ɗumi, Iya ta riƙa zubawa tana ɓamɓare yatsun tana faɗa, wai ko nonon uwata ban riƙe haka ba. Baba Gagare ya iso, ya dubi ƙafafuna da ke jini, ya dubi mahaifina, ya ce a mayar da doki turkensa. Al'ada ce ran gwaji mahayi da ɗan gezarsa su ci tuwo akushi ɗaya. Aka yi ta juya maganar a tsakar gida, Baba Sani daga tabarma ya ce in ba a yi ba gwajin bai cika ba. Aka ajiye akushi a zaure. Mahaifina ya zauna yana kallon bango, ni ina kallon ƙofa. Hannuna ba ya iya yankan loma, sai na ga ana turo mini ƙanana gefena an riga an yanka. Ranar ya cinye rabonsa tas. Bai ƙara kiran sunana ba har ya koma ga Allah, ni ma ban nema ba. Kafin rani ya yi tsanani Baba Sani ya miƙe ya karɓi wurinsa. Da ɓarayi suka zo na ci ɗamara na fito, aka koro ni gida, na yi ta fushi har aka dawo da shanun. Duhu a turkenmu ya tsufa, a nan ya mutu, mahaifina ya haƙa masa rami bai bari angulu sun taɓa shi ba.

Da na kawo nan Rabi ta ajiye alƙalami tana yarfa hannu, ta ce khalas, wato ya isa haka, a bar ta ta huta, kuma ita dai ba ta ga an ambaci mace cikin masu riƙe gezar Jamusawa ba. Na ce wannan su ta shafa. Ni abin da nake so in sani game da su daban ne. Mutumin da zai zaɓi guda cikin taron mayaƙa ya ce kai za ka riƙe mini, ba baƙo zai zaɓa ba, ƙanensa ne ko ɗansa ko wanda suka yi kiwo tare. To in hanya ta yi tsawo ya ji numfashin nan na yankewa a gefen gwiwarsa, ya yake yi da hannunsa? Ina jin su ma sun sha jan linzami, kuma an sha ce musu su saki.

Dawakin gari sun ƙare tun ina goyon uban Rabi, ɓarayi suka sami bindiga, kukar fadama ma an ce ta faɗi. Yanzu duniyata daga gado zuwa taga ce, matakalar gidan nan sai an riƙe ni hagu da dama, jikokin da ke riƙe ni kuwa ko tsakuwa ba su taɓa takawa ba takalmi ba. A ƙarƙashin tagarmu akwai wani mai amalanke da ke wucewa da hantsi yana kiran a fito da tsofaffin kaya, da wani ramammen jan doki da aka aske wa geza ƙwal. Ran nan na ce sai an sauke ni. Ubansu ya ce gwiwa, na ce gwiwar tawa ce. Muka sauka ina hutawa a kowane hawa. Mai amalanken ya ɗauka wani abu zan sayar masa, da Rabi ta yi masa bayani ya yi murmushi ya ce ma'alish ya Hajja, wato ba komai Hajiya, ya matsa gefe. Na zagaya ta hagu na ɗora hannu inda ya kamata. Ba abin damƙa, sai guntun gashi mai sukar tafi. Amma dokin ya juyo da kunne ɗaya wajena ya tsaya cak, motoci na ta danna mana ham, ban kula su ba. Wuyansa da ɗumi, irin ɗumin da na sani. Ashe hannu ba ya tsufa tare da ƙafa.